Tambaya da Amsa: Wasannin Dabarun Yaƙi na Tsohuwar Ƙasar Sin

A 'yan kwanakin nan wasiƙun da suka fi shigo mana sun tsaya ne a kan wasannin kwamfuta da aka gina bisa tarihin tsohuwar ƙasar Sin. Wasu na neman wanda za su fara da shi, wasu kuma sun yi nisa sun maƙale a tsakiya. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son in fara wasan dabarun yaƙi na zamanin Dauloli Uku. Wani ya ce in sayi Total War: Three Kingdoms, wani ya ce Romance of the Three Kingdoms XIV ya fi shi. Ɗaya kawai zan iya saya. Wanne ne?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka cire kuɗi, ka fara tantance kujerar da kake son hawa: ta sarkin yaƙi da ke tsaye a fagen fama, ko ta sarki da ke fada yana aika umarni. Zamanin dai guda ne. Daular Han ta fara tangal-tangal da boren masu rawayan rawani a shekarar 184 miladiyya, wani sarkin yaƙi mai suna Dong Zhuo ya kama babban birnin Luoyang a 189, daga nan ƙasa ta dare tsakanin masu riƙe da makamai, har ta tsaya a kan dauloli uku, Wei da Shu da Wu, kafin daular Jin ta sake haɗe ta a 280. Inda wasannin suka rabu shi ne abin da kowanne ya danƙa maka a cikin wannan hargitsi.

Total War: Three Kingdoms na kamfanin Creative Assembly ne, ya fito a watan Mayun 2019, kuma labarinsa yana farawa a 190, lokacin da aka yi wa Dong Zhuo taron dangi. Hawa biyu gare shi. A kan taswira ana tafiya zagaye-zagaye, shekara ɗaya zagaye biyar: ka gina birane, ka ƙulla yarjejeniya, ka motsa runduna. Da zarar rundunoni biyu sun yi karo sai a sauke ka a filin daga, inda komai ke gudana nan take. Kai ne za ka ce masu mashi su kafe a nan, 'yan baka su ja baya, barade su zagaya ta bayan kurmi. Runduna ɗaya tana ɗaukar janar uku, kowannensu da ƙungiyoyin mayaƙa shida, jimla 21 idan aka haɗa da janarorin.

Shi kuwa Romance of the Three Kingdoms XIV na Koei Tecmo ne, kamfanin Japan da ya fara wannan jeri tun 1985, na 14 ɗin kuma ya fito a farkon 2020. A nan babu wani filin daga na daban. Ƙasar Sin gaba ɗaya taswira guda ce da aka yanka gida-gida masu kusurwa shida, zagaye ɗaya kwana goma. Ka ba da umarni, ka danna, ka zuba ido. Kusan ba ka da ta cewa sai kwana goman sun cika. Ƙarfin wasan yana wajen mutane. Akwai jami'ai sama da 1,000, kowanne da makinsa na jagoranci, jarumta, basira, siyasa da farin jini, da halayensa masu kyau da marasa kyau. Rabin aikinka shi ne sanin wa ya dace da ina.

Mu dai ga sabon shiga Total War muke ba shi. Yana koyar da kansa, kuma harkar diflomasiyyarsa a buɗe take: duk abin da ka ɗora a teburin ciniki, kuɗi ko abinci ko aure ko yanki, yana da maki, kana ganin abin da ya rage kafin ɗaya ɓangaren ya amince. A ganinmu babu wani Total War da ya kai shi a wannan fanni. Ka fara da Sun Jian, wanda ke da faffaɗar ƙasar kudu a bayansa, ko Liu Bei, mutumin da daga baya ya kafa Shu, wanda ke farawa da jarumansa Guan Yu da Zhang Fei a gefensa. Abu ɗaya da ya kamata ka sani: kamfanin ya daina ƙara wa wasan sabon abu tun Mayun 2021. Ƙarin da aka yi suna ba ka damar farawa daga 182, 194, 200 ko 291, amma babu wanda ke farawa daga lokacin da dauloli ukun suka riga suka kafu. Mai son farawa a matsayin Shu a hannun wazirinta Zhuge Liang yana fuskantar Wei mai ƙarfi, wasan Koei ne nasa, kuma ya saye shi haɗe da ƙarinsa mai suna Diplomacy and Strategy, don ba tare da shi ba ɓangaren hulɗa da sauran sarakuna bai taka kara ya karya ba.

Tambaya: Da na buɗe Total War: Three Kingdoms sai ya ce in zaɓi Romance ko Records. Mene ne bambancinsu? Ni ɗalibar tarihi ce, kuma ina son in san ko abin da nake gani haka ya faru.
Daga wata mai karatu

Amsa: Malama, sunayen biyu daga littattafai biyu aka ɗauko su. Records shi ne tarihin da Chen Shou ya rubuta a ƙarni na 3, mutumin da ya yi aiki a gwamnatin Shu sannan a ta Jin, kuma a 429 Pei Songzhi ya kammala dogon sharhi a kansa. Romance ƙagaggen labari ne da ake jingina wa Luo Guanzhong na ƙarni na 14, sama da shekara dubu bayan abin ya wuce, wanda ya ɗauki ɓangaren Liu Bei ya shafa wa Cao Cao, wanda ya aza harsashin Wei, kashin kaji.

A tsarin Romance janar shi kaɗai yake shiga fili, irin su Lü Bu na iya tarwatsa ɗaruruwan mutane, kuma janar biyu na iya yin fito-na-fito mayaƙa suna kallo. A Records janar yana tafe ne cikin ayarin masu tsaronsa, gajiya tana kama mayaƙa da wuri, yaƙi yana tafiya a hankali, don haka jeri da wurin tsayawa su ke yanke hukunci. Idan kika gudu da dakaru tun daga nesa za su isa gaban maƙiyi a galabaice. A kan taswira kuwa bambancin kaɗan ne.

Ki zaɓi Records, amma kada ki ɗauka shi ya mayar da wasan littafin tarihi. Dukkan wasannin zamanin Dauloli Uku, na Koei ma har ya fi, daga ƙagaggen labarin suke sha. Rantsuwar 'yan'uwantaka da Liu Bei da abokansa biyu suka yi a cikin lambu, daga can take. Hua Xiong, wanda labarin ya ce Guan Yu ya sare, a tarihi rundunar Sun Jian ce ta kashe shi. Dabarar Zhuge Liang ta tara kibiyoyin maƙiyi da jiragen ruwa masu ɗauke da ciyawa ƙage ce, haka ma sunan Diaochan, budurwar da labarin ya ce ta shiga tsakanin Lü Bu da Dong Zhuo. Fito-na-fiton janarori abu ne da ba kasafai ya faru ba, ko da yake Chen Shou ya tabbatar cewa Guan Yu ya kutsa cikin rundunar Yuan Shao a Boma a shekarar 200 ya kashe janar ɗinsa Yan Liang. Ta fuskar kayan yaƙi ma akwai gyara. Likkafa ta ƙafa biyu ba ta bayyana a Sin ba sai a ƙarni na 4, saboda haka sukuwar baraden da kike gani suna ratsa sahu an ƙara mata gishiri. Majaujawar jifan ganuwa ta lokacin mutane ne ke jan ta da igiyoyi. Mai aiki da nauyi sai a shekarun 1270 ta iso, da Mongol suka yi wa Xiangyang ƙawanya.

Inda wasannin suka dace da tarihi, kuma nan ne muke son ki fi sa ido, shi ne batun hatsi. A yaƙin Guandu a shekarar 200 Yuan Shao ya fi Cao Cao yawan mutane nesa ba kusa ba. Abin da ya karya shi shi ne mashawarcinsa Xu You ya sauya sheƙa ya tona inda rumbunansa suke a Wuchao, Cao Cao ya kai farmakin dare ya cinna musu wuta. Shi Cao Cao tun 196 ya kafa gandayen noma na gwamnati a kewayen birnin Xu, ya zaunar da 'yan gudun hijira suna nomawa ana raba amfani, wannan ne ya riƙe rundunarsa. A yaƙin Chibi na 208, a bakin kogin Yangtze, wuta ta ci jiragensa, amma annoba ta riga ta raunana mayaƙansa 'yan arewa da ba su saba da ruwa ba. Hare-haren da Zhuge Liang ya kai arewa daga 228 zuwa rasuwarsa a 234, wahalar kai guzuri ta hanyoyin duwatsun Qinling ce ta yi ta mayar da su baya. Ƙidayar tsakiyar ƙarni na 2 ta nuna mutum kusan miliyan 56, ta 280 kuma kusan miliyan 16. Ba duka suka mutu ba. Da yawa sun tsere ko sun fake ƙarƙashin manyan gidaje sun ɓace daga littafin haraji. Wasan da ya sa kika damu da rumbu da yawan talakawa fiye da takobin jarumi, ya koya miki abin da ya fi kusa da gaskiya.

Tambaya: Ina wasa da Cao Cao. Da farko komai lafiya lau, amma da na kama gundumomi kamar goma sai kuɗin shiga ya tsaya cik, lissafin abinci ya koma ja, wato gibi, janar biyu kuma suka gudu. Ina matsalar take?
Daga wani mai karatu

Amsa: Ɗan'uwa, cuta uku ce ta haɗu maka, kuma kowacce da maganinta.

Ta abinci ita ce mafi gaggawa. A wannan wasa birni ci yake yi, ƙauyukan noma da kiwo da kamun kifi su ke bayarwa, kuma duk matakin da ka ɗaga birni cinsa yana ƙaruwa, a manyan matakai ma ƙaruwar ba kaɗan ba ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga kowane birni da zarar kuɗi ya samu. Kafin ka danna, duba nawa sabon matakin zai ci, ka cire daga rarar da kake da ita. Idan abin da zai rage bai kai ya ɗauki sabon birnin da za ka ci da yaƙi ba, ka dakata. Birane biyu ko uku masu kawo kuɗi su za ka girmar, sauran ka bar su matsakaita. Chen, inda ka fara, ƙasar noma ce, ka cika ta da korayen gine-gine, wato na noma. Akwai kuma tarkon sayar da abinci: yarjejeniyar tana ɗaukar zagaye goma, to idan ka sayar da rararka sannan ka ɗaga birni a zagaye na uku, ka jefa kanka cikin yunwa, in kuma ka warware alkawarin sunanka ya ɓaci a idon kowa. Tunda ka riga ka shiga ja, sayi abinci daga maƙwabci mai rara yanzu, in ta kama ka rage matakin wani birni da ba ya kawo komai. Yunwa tana zubar da kwanciyar hankalin jama'a, daga nan sai bore.

Ta kuɗi kuwa, sunanta almundahana. Yawan ƙasarka yawan kason da ke zurarewa kafin ya isa baitulmali, shi ya sa gunduma ta goma sha ɗaya ba ta ƙara maka abin da ta biyu ta ƙara. Ka naɗa hakimai a gundumomin da suka fi arziki, ba waɗanda ke bakin iyaka ba, ka gina ofisoshin gwamnati masu rage ta, kuma a sauye-sauyen mulki da ake zaɓa duk bazara ka bi reshen da ke ƙara yawan kujerun hakimai da na yarjejeniyar kasuwanci. Sannan ka lura kuɗin shiga iri uku ne: na manoma, na kasuwanci, na masana'antu. Gine-gine da yawa kaso suke ƙarawa a kan abin da ke akwai. Ginin da ke ƙara kason masana'antu a gundumar da ba ta da ma'adinai asara ce. Gunduma mai tashar jirgin ruwa ta tsaya a kasuwanci, mai tagulla ko ƙarfe ta tsaya a masana'antu. Babban mai cin kuɗi dai runduna ce. Wadda ba ta da aiki ka janye ta, ka sake fito da ita in buƙata ta taso, amma ka tuna sabuwar ɗauka tana buƙatar 'yan zagaye kafin sahunta ya cika.

Ta janarori ita ce aka fi sakaci da ita. Kowane mutum a fadarka yana da ma'aunin gamsuwa. Duk sanda ya ƙara girma yana sa ran muƙami, in bai samu ba ma'aunin ya yi ta sauka har ya kama gabansa. Ka riƙa leƙa jerin fadawa duk bayan 'yan zagaye. Wanda ya yi ƙasa ka ba shi sarauta, ko kujera a fada, ko kyautar makami ko doki. Kada ka haɗa abokan gaba a runduna ɗaya. Wasan yana nuna maka wa ke jituwa da wa kafin ka haɗa su. Wanda ba ka da aikin da za ka ba shi, sallamarsa ta fi, don albashi yake ci. Ka fi kiyaye hakimai da masu manyan kujeru, saboda fushinsu na iya tafiya da yanki guda ko ya haddasa yaƙin basasa. Wajen ɗaukar sabon mutum kuma ka duba tarihinsa: wanda ya baro wani sarki ba tare da ƙullaci ba yana iya zama ɗan leƙen asiri.

Tunda muna kai, ga jerin rundunar da ba ta cika ba da kunya ba, bisa launukan da wasan ke bambanta janarori da su. Janar mai launin shuɗi, masanin dabara, da 'yan baka huɗu da majaujawa biyu; shi kaɗai ke iya ɗaukar majaujawa, basirarsa kuma tana ƙara yawan kibiya da guzuri. Janar kore ko shunayya da dakaru shida a sahun gaba, mafi yawansu masu garkuwa, don marasa garkuwa kibiya ke cinye su kafin a gwabza. Janar ja da barade a gefe, a ɓoye su sai sahu ya haɗu sannan su faɗo ta baya. Baka mai kunama ya fi huda sulke, baka na gargajiya kuma shi ke harba kibiyar wuta da ke ƙone hasumiya. Majaujawa tana ba ka damar afka wa birni mai ganuwa nan take, ba sai ka zauna kana haɗa kayan hawa ba alhali guzuri na ƙarewa.

Gargaɗi na ƙarshe: ɗaga birane yana ƙara maka martaba, martaba kuma ita ke kai ka matsayin sarki. Ranar da ka kai, manyan ƙasashe uku za su ayyana kansu sarakunan sarakuna, abokai da yawa su juya maka baya. Kada ka yi gaggawar isa can da baitulmali wayam.

Tambaya: A Romance of the Three Kingdoms XIV na tura Lü Bu da mutum 10,000 ya nufi wani birni. Wani ƙaramin jami'i da 'yan tsirarun mutane ya ratsa ta bayansa, nan take rundunar ta rikice aka cinye ta. Wannan ba kuskuren wasan ba ne? Kuma ko in koma na 11 ko na 13?
Daga wani mai karatu

Amsa: Malam, ba kuskure ba ne, nan ne ma zuciyar wasan take. Duk gidan da rundunarka ta taka yana komawa launinka, kuma wannan layin launi da ya haɗa ta da birninka shi ne hanyar guzurinta. Idan maƙiyi ya taka gida ɗaya ya yanke layin, rundunar za ta ruɗe, ƙarfin gwiwarta ya zube, komai jarumtar mai jan ta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babu wani wasa a wannan fage da ya nuna darasin Wuchao ƙarara kamar wannan, shi ya sa muke girmama shi duk da rauninsa a wasu wurare.

Maganin shi ne faɗaɗa hanya. Jerin da ka zaɓa wa runduna shi ke nuna faɗin ƙasar da take shafawa: jeri mai tsini yana da sauri amma siririn layi yake bari, jerin fiffiken gauraka yana tafiya a hankali yana shafa faɗi. Ka tura mai faɗi tare da mai faɗa. Kowane yanki yana da cibiya. Ka kama cibiyoyin da ke kan hanya ɗaya bayan ɗaya maimakon ka miƙe zuwa birni, ka bar ƙaramar runduna ko hasumiyar 'yan baka a mararraba da mashigin dutse. Kama yankunan da ke kewaye da birni kafin farmaki yana raunana shi. A wannan wasa jami'i ɗaya ke jan kowace runduna, Lü Bu kuma jarumtarsa 100 ce amma basirarsa ƙasa take, dabarun ruɗarwa suna kama shi da sauƙi. Ka sa mai basira irin Chen Gong ya yi tafiya kusa da shi. 'Yan'uwan rantsuwa da ma'aurata da aminai suna ƙara wa juna ƙarfi idan rundunoninsu na kusa. Sannan ka juya dabarar kan maƙiyi: barade 2,000 masu sauri a bayan babbar runduna sun fi 10,000 a gabanta amfani.

Game da sauran: na 11, na 2006, shi ne mai ba ka iko a kan kowane taku na kowace runduna, da tarkunan wuta da tsarin mashi ya fi doki, doki ya fi gatarin yaƙi, gatari ya fi mashi. Tsofaffin 'yan wasa da yawa shi suke ɗauka gwarzon jerin. Sai dai ka duba harshe kafin ka saya, don wanda ke shagon intanet na Steam ba shi da Turanci. Na 13, na 2016, da sabunta na 8 da ya fito a Oktoban 2024, wani salo ne daban: mutum ɗaya kake zama, ko ƙaramin jami'i ne, ka yi abota, ka yi aure, ka hau muƙami ko ka ci amanar ubangidanka. Idan taswira da hanyar guzuri ne suka ja ka, ka zauna a na 14.

Tambaya: Na gaji da Dauloli Uku. Babu wasan da ya koma can baya, zamanin Shang da Zhou da Qin? Na gwada Emperor: Rise of the Middle Kingdom amma gidajena sai su girma su sake rushewa.
Daga wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, akwai, kuma kin riga kin riƙe ɗaya daga cikin mafi kyau. Bari mu fara da wanda ba ki ambata ba. Oriental Empires, na 2017, yana farawa daga shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ratsa shekara dubu uku. Za ki fara da ƙaramar al'umma irin Shang ko Zhou ko Chu, ki kafa garuruwa, ki share daji ki yi gonaki, ki tashi daga tagulla da keken doki zuwa ƙarfe da baka mai kunama. Bincike rassa huɗu ne da ke tafiya lokaci guda. Yaƙi ba a hannunki yake kai tsaye ba: ki tsara jeri da umarni, kowa ya motsa a lokaci ɗaya, ki kalli sakamako. Abin da ya fi burge mu shi ne fushi iri biyu da ya raba. Talakawa suna tunzura idan aikin gayya da haraji da yunwa suka yi musu yawa, masu sarauta kuma suna tunzura idan garuruwanki sun fi ƙarfin ikonki yawa. Mai saurin kafa garuruwa ba tare da ɗaga iko ba, tawaye ne zai ci shi tun kafin maƙiyi ya iso. Hotonsa da menu ɗinsa ba su kai na manyan kamfanoni ba, sai an yi haƙuri da shi.

Emperor kuwa, na 2002, wasan gina birni ne, yaƙi a gefe yake. Yana bi da ke daga ƙauyen Banpo da daular Xia, ta Shang, Zhou, Qin, Han, Sui da Tang, har zuwan Mongol, kina gina sassan Babbar Ganuwa da Babban Magudanin Ruwa da kabarin sarkin Qin na farko mai sojojin yumɓu. Babu wasan da ya kai shi nuna abin da talakan Sin ke ci da abin da yake sawa: gero da alkama a arewa, shinkafa a kudu, waken suya da kabeji, siliki da tangaran da shayi.

Rushewar gidajenki daga masu yawo take. Gida ba ya samun ruwa ko abinci ko magani don ginin yana kusa. Sai mai ɗauke da abin ya bi ta ƙofarsa. Su kuma masu yawon nan, da sun iso mararraba sai su bi duk inda suka ga dama. Unguwa mai mararraba da yawa, wani layin zai daɗe bai ga mai ruwa ba, gidajen su koma baya. Ki gina unguwa a matsayin zobe guda rufaffe, gidaje ciki da waje, ki sa rijiya da kasuwa da mai maganin gargajiya da hasumiyar mai duba gini a kan zoben, ki toshe hanyar fita da shinge ko ƙofa don kada su ɓace. Kada zoben ya yi tsawon da mai yawo zai juya kafin ya kammala shi. Mai duba gini shi ke hana gobara da rushewa, kowace unguwa da kowane rukunin masana'antu na buƙatar nasa.

Abu na biyu shi ne darajar abinci, wadda ake aunawa da yawan ire-irensa: iri ɗaya mafi ƙasƙanci, iri biyar mafi daraja. Idan kika umarci kasuwa kada ta sayi ƙasa da iri uku, alhali a ma'ajiyar abinci iri biyu suka rage, ba za ta sayi komai ba, unguwa ta kwana da yunwa ga abinci jibge. Ki ƙayyade wa kowane iri wurinsa a ma'ajiya don kada gero ya cika ta ya hana kifi shiga, kuma ki sa mafi ƙarancin darajar da kasuwa za ta karɓa ya zama mataki ɗaya ƙasa da wadda kike buri. Launin da gini ke nunawa kafin ki ajiye shi ma yana da ma'ana: kore ya dace da wurin bisa tsarin feng shui, wato al'adar Sinawa ta dacewar gini da muhallinsa, rawaya bai dace ba, kuma tarin rawaya yana rage jin daɗin jama'a. Ki kuma sani tun yanzu cewa wasan ya sa wuraren bautar kakanni da na addinan Dao da Buddha da makarantar Confucius cikin buƙatun gidaje, kamar yadda rayuwar Sinawan lokacin take.

Tambaya: Age of Empires II da Civilization da Dynasty Warriors fa? Duk akwai Sin a cikinsu.
Daga wani mai karatu

Amsa: Akwai, amma Sin baƙuwa ce a biyun farko. A Age of Empires II Sinawa suna farawa da ma'aikata shida maimakon uku, da ƙarancin abinci, ga mayaƙansu masu baka mai harbi a jere. A Mayun 2025 kuma an ƙara Wei da Shu da Wu. Wasa ne na saurin hannu da tara kaya, ba na mulkin ƙasa ba. A Civilization VI kana iya zama Qin Shi Huang, wanda ya haɗe Sin a 221 kafin haihuwar Annabi Isa, amma maƙwabcinka na iya zama Faransa ko Masar a taswirar da ba ta duniya ba. Dynasty Warriors wasan sara da suka ne, mutum ɗaya a kan dubu. Yana da amfani wajen haddace sunaye da fuskoki, ba wajen dabara ba.

Tambaya: Kwamfutata tsohuwa ce, ram gigabait 4, babu katin hoto na daban. Wanne zai tashi?
Daga wani mai karatu

Amsa: Emperor zai tashi ba tare da wata matsala ba, ana samun sa a shagon intanet na GOG an daidaita shi da sabon Windows. Total War: Three Kingdoms kada ka saya tukuna. Yana son wurin ajiya gigabait 60, kamfanin kuma ya ba da shawarar ram gigabait 8 da katin hoto irin GTX 970. A kan injin da ba shi da kati, babban yaƙi zai riƙa tsinkewa ko da ka rage komai, jiran ƙarshen zagaye ma ya yi tsawo idan ba a kan SSD yake ba. Oriental Empires yana farawa da sauƙi amma yana nauyi idan garuruwa sun yi yawa, don haka ka zaɓi ƙaramar taswira. Idan kana da PlayStation 4 ko Nintendo Switch, Romance of the Three Kingdoms XIV da sabunta na 8 duk suna kansu, Total War kuwa a kwamfuta kaɗai yake.